SARDAUNA: DAGA ƘURI'AR MUBI ZUWA GONAR SAMARU

Duk mutumin Arewa da ke zaune a Ikko ko Badun ko Fatakwal, in aka ambaci sunan marigayi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, abin da ya kan faɗo masa a rai shi ne rawani da alkyabba, da yawan kyauta, da siyasar NPC. Ba safai a kan tuna da shi wajen zancen binciken kimiyya ba, don kuwa shi ba likita ba ne, ba injiniya ba, ba kuma malamin gona ba. Amma fa yawancin wuraren da Arewa ta dogara da su wajen binciken iri da cutar dabbobi da koyon fasaha, a zamaninsa ne aka yanke shawarar wanda zai riƙe su da yadda za a tafiyar da su. A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya yi fama da maganar Mubi, garin da saura kaɗan ya zama na wata ƙasa.

An haifi Ahmadu a Rabah, gabas da Sakkwato, a 1910, ko da yake wasu sun ce 1909 ne. Mahaifinsa Malam Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, shi kuwa ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu Usmanu. Mahaifin ya rasu tun Ahmadu yana ƙaramin yaro. Bayan karatun allo aka sa shi makarantar Lardi a Sakkwato, daga nan a 1926 ya tafi Kwalejin Katsina, tafiyar kusan mako guda a ƙasa. Kwalejin nan ta horad da malaman makaranta ce, ba ta fid da masana kimiyya ba, kuma ita ce ƙarshen ilmin boko a duk faɗin Arewa a wannan zamani. Ya fita a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato shekara uku, sa'an nan a 1934 aka naɗa shi Sarkin Rabah.

Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938, Ahmadu yana cikin masu neman gadon, amma Allah ya ba Abubakar na Uku. Shi kuwa aka ba shi sarautar Sardauna aka tura shi Gusau don ya duba gundumomin gabas. A can ne ya san auduga da gyaɗa da jirgin ƙasa a matsayin mai mulki, a can ne kuma ya gamu da babbar jarrabawa, don a 1943 an zarge shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta ɗaure shi. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, lauyan nan na Ikko Bode Thomas ya tsaya masa, aka wanke shi. A 1948 ya je Ingila koyon aikin ƙananan hukumomi, a 1949 ya shiga Majalisar Wakilai ta Kaduna, ya riƙe ma'aikatar ayyuka da ta ƙananan hukumomi, kuma ran 1 ga watan Oktoba 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

ABIN DA YA TARAR

Lokacin da ya hau kujerar nan, wuraren bincike da ke Arewa ba su da yawa, kuma duk Turawa ne suka kafa su don bukatar mulkinsu. Akwai gonar gwaji ta Samaru kusa da Zariya, wadda aka fara a 1922. Akwai garken gwaji na Shika, na 1928. Akwai ma'aikatar binciken cutar dabbobi wadda ta fara a Zariya a 1914 ta koma Vom ta ƙasar Jos a 1924. Akwai kuma ta binciken ƙudan tsando da ciwon barci da sammore a Kaduna, wadda ba ta Nijeriya kaɗai ba ce, ta dukan ƙasashen Ingila ce na Afirka ta Yamma, kamar yadda ta koko take a Tafo ta ƙasar Gwalkwas, ta kwakwar manja kuma kusa da Binin.

Tsarin mulkin 1954 ya raba aikin. Gwamnatin Tarayya ta riƙe nata binciken gona a Moor Plantation ta Badun, ta kuma buɗe na masana'antu a Oshodi a 1956, inda daga baya aka yi aiki a kan injin yin gari. Kowace Jiha kuwa aka bar mata ta kula da nata. Ta haka Samaru da Shika suka zama ƙarƙashin Ma'aikatar Gona ta Kaduna, watau ƙarƙashin gwamnatin Sardauna.

Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Baitulmalin Arewa a kan gyaɗa da auduga da fata da ƙirgi ya dogara. Dalar gyaɗar Kano da kowa ke labari, da masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, duk iri suke bukata mai kyau. Irin audugar da Samaru ta tace, wanda manoma suka sani da lambar 26, da irin gyaɗar Samaru 38, su ne suka bazu a gonakin Arewa. Sai dai kuma a nan ne aibin tsarin yake: hankalin masu bincike ya fi karkata ga abin da za a ɗora wa jirgi a kai Ikko, dawa da gero da wake da talaka ke ci kuwa suna baya.

Babbar matsalar kuwa ita ce ta mutane. 'Yan Arewa masu digirin kimiyya a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Manufar Sardauna ta mai da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa ta ce in akwai ɗan Arewa a ba shi, in babu a ɗauki Bature na kwantaragi kafin a duba ɗan Kudu. Hujjarsa ita ce Bature zai gama wa'adinsa ya tafi gida ya bar kujera, ɗan Kudu kuwa in ya zauna ya zauna ke nan. Wannan manufa ta ɓata wa mutanen Kudu rai ƙwarai, har yau kuma wanda ke zaune a cikinsu ya kan ji ana tad da maganar. A fannin bincike dai sakamakonta shi ne Turawa suka ci gaba da riƙe ɗakunan gwaji shekaru da yawa bayan samun mulkin kai, ana jiran yaran da ke makaranta su taso.

MAGANAR MUBI

Mubi ba ta cikin Nijeriya a bisa doka sa'ad da aka sami mulkin kai. Jamus ce ta mallaki ƙasar tun farkon ƙarni na 20, Ingilishi suka karɓe ta a yaƙin duniya na farko, aka ba su riƙonta amana, da farko a ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashe ta lokacin, daga baya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙasar amanar nan siririya ce, ta bi gindin duwatsun Mandara daga Dikwa ta Gwoza zuwa Mubi, ta yanke a wajen kogin Binuwai, ta sake ɗaukowa daga Ganye har tsaunin Mambila. Don sauƙin mulki Ingilishi suka haɗa yankin Mubi da En'e ta Adamawa, hakimai suna zuwa daga Yola.

A watan Nuwamba 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama: a shiga Jihar Arewa in Nijeriya ta sami mulkin kai, ko a jinkirta maganar. A Kaduna an ɗauka zancen a ƙare yake. Da aka ƙirga sai ga 70,546 sun ce a jinkirta, 42,788 kaɗai suka zaɓi Nijeriya. Wannan ya girgiza Sardauna. Da aka bincika aka gane ba son Kamaru ne ya kawo haka ba. Gude da Fali da Higi da Margi da sauran mutanen dutse sun gaji ne da mulkin hakiman da ba nasu ba, ga ƙarancin makaranta da asibiti da hanya, jam'iyyun hamayya kuma sun shiga sun yi amfani da wannan ƙorafi.

A nan ya nuna irin halinsa na mai mulki, don bai tsaya jayayya da ƙuri'a ba. Aka naɗa kwamitin bincike, aka cire yankin daga ƙarƙashin Yola, aka kafa wa Mubi En'e tata, haka Gwoza da Camba da Gashaka-Mambila, aka sauke waɗansu hakiman da jama'a suka ƙi. Aka kuma yi alkawarin cewa in sun shigo za su zama Lardi mai zaman kansa, daidai da sauran lardunan Arewa. Daga Oktoba 1960 Ingila ta aiko Sir Percy Wyn-Harris ya zauna a Mubi ya riƙe ƙasar kafin ƙuri'a ta biyu. A wannan karo Majalisar Ɗinkin Duniya ta nace sai mata sun jefa ƙuri'a, abin da matan Jihar Arewa ba su samu ba sai bayan shekara goma sha biyar. A watan Fabrairu 1961 aka jefa: Nijeriya 146,296, Kamaru 97,659. Ran 1 ga watan Yuni 1961 aka karɓi ƙasar a Mubi, aka raɗa mata suna Lardin Sardauna, hedkwata a Mubi. Shugaba Ahmadu Ahidjo ya mai da ranar ta makoki a Kamaru, ya kai ƙara Kotun Duniya, kotun kuwa a 1963 ta ƙi yanke hukunci a kan ƙarar.

Mutanen Mubi masu shanu ne da noman gyaɗa da dawa, kasuwar shanun garin kuma sananniya ce har Kudu. Amfanin farko da suka gani daga aikin masu bincike bayan shigowarsu shi ne allurar bushiya. Cutar nan ce ta kusa ƙare garken Filani wajen 1891, tsofaffi ba su manta ba. A 1962 Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka haɗa kai, da taimakon kuɗi daga Turai da Amurka, aka shiga yi wa shanun yankin tafkin Cadi allura shekara uku a jere, kowace saniya a huda mata kunne alamar an yi mata. Vom ke haɗa maganin, ma'aikatan dabbobi na Jihar Arewa ke bin rugage. Cutar ta lafa. Da aka yi sake da allurar 'yan maruƙa sai ta dawo da ƙarfi a 1983 ta yi ɓarna mai yawa, ba a kuma tabbatar da ƙarewarta a duniya ba sai 2011.

JAMI'A DA GONA

A daidai lokacin da ake fama da ƙuri'ar Mubi, wata magana tana tafiya a Ikko. A 1959 Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Sir Eric Ashby don ya duba bukatun ƙasa na ilmi mai zurfi har shekara ashirin. Shettima Kashim Ibrahim yana ciki daga Arewa, tare da Kenneth Dike da Sanya Onabamiro. Rahotonsu ya fito a 1960, ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa, cibiyarta a Zariya. Sardauna bai jira ba. A 1961 Majalisar Kaduna ta yi doka, ran 4 ga watan Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibai 426. Shugabanta na farko Norman Alexander ne, mutumin New Zealand, masanin kimiyyar lissafin halitta wanda ya koyar a jami'ar Badun. Shi Sardauna ya zama Uban Jami'a.

Ba daga fili aka gina ta ba. An tattara abin da ke akwai ne: Kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru, da makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, da kwalejin Larabci da addini ta Kano wadda aka raɗa wa sunan Abdullahi Bayero. Abin da ya bambanta ta da sauran jami'o'in Nijeriya kuwa shi ne gwamnatin Sardauna ta ɗauki sashen bincike na Ma'aikatar Gona gaba ɗaya, da ma'aikatansa da gonakinsa da ɗakunan gwajinsa da garken Shika, ta miƙa wa jami'a. Wannan shi ne asalin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ake kira IAR, shugabanta na farko H. S. Darling.

Wanda ya san halin ma'aikatun gwamnati ya san ba su saba sakin abin da ke hannunsu ba, balle sashen da ya fi kowanne daraja. A can Yamma da Gabas ma'aikatun sun riƙe nasu. Abin da Arewa ta samu da wannan shawara shi ne mai bincike ya zama malami kuma. Wanda ke tace irin dawa da safe shi ne ke koyar da ɗalibai da rana, saboda haka 'yan Arewan da ake jira su gaji Turawa a cikin gonar gwaji suka tashi, ba a kan takarda kaɗai ba. Mai bincike ya huta da canjin wurin aiki irin na gwamnati, inda a kan ɗauke mutum daga gwajin da bai ƙare ba a kai shi ofis. Jami'o'in waje kuma suka sami ƙofar shigowa: jami'ar Jihar Kansas ta Amurka ta aiko malamai suka taimaka wajen kafa sashen gona da na likitan dabbobi.

Akwai haɗari a ciki, shi ne bincike ya tsaya a cikin shingen jami'a bai kai ga manomi ba. Don haka a 1963 aka kafa wani sashe a Samaru wanda aikinsa shi ne ya ɗauki sakamakon gwaji ya mai da shi maganar da malamin gona zai iya faɗa a ƙofar gidan dagaci, da ƙasidu da shirin rediyo. Sashen ne ya girma ya zama NAERLS. A 1965 kuma aka fara wani aiki da Turawan mulki ba su damu da shi ba, watau zama a ƙauye a auna abin da manomi ke yi da dalilinsa. David Norman da abokan aikinsa suka bi ƙauyukan ƙasar Zariya suna rubuta kwanakin aiki da amfanin kowace gona. Shekara da shekaru malaman gona suna hana manoma haɗa gero da dawa da wake a gona guda, suna cewa rashin sani ne. Ƙididdigar ta nuna manomin yana da gaskiyarsa: a watannin noma da hannu ya yi ƙaranci, haɗin ya fi ba shi riba, ya kuma tsare shi in damina ta yi gardama. Wannan bincike ya yi suna a duniya.

A can Tarayya kuwa abubuwa suna sakewa. Bayan Gana ta sami mulkin kai haɗin gwiwar binciken Afirka ta Yamma ya watse, a 1964 Majalisar Ikko ta yi dokar da ta mai da wuraren koko da kwakwar manja da roba da ƙudan tsando na Nijeriya. A shekarar ce kuma UNESCO ta tara ƙasashen Afirka a Ikko don a tattauna yadda za a tsara bincike. Amma har aka yi juyin mulki Nijeriya ba ta da hukuma guda mai duba dukan binciken ƙasa. Kowace Jiha tana jan nata, kuma Sardauna yana cikin waɗanda suka fi kowa tsare haƙƙin Jiha daga hannun Ikko.

A shekarunsa na ƙarshe hankalinsa ya fi komawa ga addini. Ya zama mataimakin shugaban Rabiɗar Musulmin Duniya da aka kafa a Makka a 1962, ya yi ta rangadin musuluntarwa a lardunan Arewa, abin da waɗansu suka yaba, waɗansu kuma, musamman Kiristoci da masu addinin gargajiya, suka ji tsoronsa. Rikicin ƙidayar jama'a da zaɓen 1964 da tarzomar Yamma suka biyo baya. Da asubar ran 15 ga watan Janairu 1966, cikin watan azumi, sojoji a ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka afka wa gidansa a Kaduna suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Allah ya jiƙansu.

BAYANSA

Jihar Arewa ba ta daɗe a bayansa ba. A 1967 aka raba ta shida, Lardin Sardauna ya shiga Jihar Arewa maso Gabas, a 1976 ya shiga Gongola, a 1991 kuma Mubi ta zama cikin Jihar Adamawa. Jami'ar kuwa, wadda Dokta Ishaya Audu ya karɓi shugabancinta a 1966, jihohin shida suka riƙe ta tare har Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1975.

Abin da ya ƙi bari a Ikko, soja suka tattara shi can. A 1970 aka kafa Majalisar Kimiyya da Fasaha ta Nijeriya, aka bi ta da ƙananan majalisu huɗu, na gona da masana'antu da lafiya da kimiyyar halitta. A 1977 aka rushe su aka kafa hukuma guda, NSTDA. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta mai da ita cikakkiyar ma'aikata, a 1984 aka haɗe ta da ta ilmi, a 1985 aka sake raba su, sa'an nan a 1986 aka fid da manufar ƙasa ta farko a kan kimiyya da fasaha. Cikin shekara goma sha shida an sake wa masu bincike ubangida sau biyar, cibiyoyin gona kuma aka yi ta kai su ana komowa da su tsakanin ma'aikatar kimiyya da ta gona. Samaru ta tsira daga yawancin wannan jeka-ka-dawo saboda tana jikin jami'a. Ko da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta share gonakin Arewa, ta kawo ƙarshen zamanin dala, a Samaru aka ci gaba da neman irin da zai jure mata. Shika ta zama cibiya mai zaman kanta a 1976, har yanzu a ƙarƙashin jami'ar. Yankin Mubi kuwa aka sa shi a ƙarƙashin Cibiyar Binciken Tafkin Cadi ta Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, daga baya aka ba ta aikin gero da alkama.

Ƙasar nan da ta ƙi Nijeriya a 1959 saboda rashin makaranta, ita ce ta ba jami'ar Sardauna shugabanta na uku. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi ɗan garin Belel da ke kudu da Mubi a bakin iyakar Kamaru, wanda ya yi karatu a Badun da Kambirij, ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, daga baya ya wakilci Adamawa ta Arewa a Majalisar Dattawa daga 1999 zuwa 2007. Ita kanta Mubi ta sami Kwalejin Fasaha ta Tarayya a 1982, da Jami'ar Jihar Adamawa a 2002. Makarantun biyu sun watse sa'ad da 'yan Boko Haram suka kama garin a ƙarshen Oktoba 2014, suka sake buɗewa bayan an ƙwato shi.

Gidan da aka kashe Sardauna a Kaduna shi ne aka mai da shi Arewa House a 1970 a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, a nan ne ake ajiye takardun gwamnatinsa.